Kangarar ƙuruciya da giyar manyanta: abin dubawa a Matameye

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa giyar da ke rusa magidanci tana da saiwa tun kafin ya san ɗanɗanonta, kuma sau da yawa saiwar ita ce kangara, wato yaro ya riƙi ƙarya da sata da faɗa da gudun makaranta har su zame masa jiki. A 1966 Lee Robins ta wallafa bincikenta a kan yara 524 da aka taɓa kaiwa asibitin gyaran ɗabi'a a Sen Luwis ta Amurka, inda ta bi sawunsu bayan kimanin shekara 30, ta tarar waɗanda aka kai saboda kangara sun fi sauran faɗawa giya da mutuwar aure da zaman kaso. A 1993 kuma Terrie Moffitt, wadda ta yi aiki da binciken Dunedin na ƙasar Niyu Zilan mai bin yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, ta raba kangararru gida biyu: masu yawa da ke farawa da balaga su daina idan hankali ya zo, da 'yan kaɗan da ke farawa tun suna ƙanana, waɗanda halin ke bi har girma.

Wannan rabo yana da amfani a ƙasar Damagaram, inda idon jama'a ya fi karkata ga 'yan palais, gungun samarin da suka yi suna a unguwanni irin su Kara-Kara, har Aicha Macky ta yi fim a kansu a 2021. Saurayin palais mai ɗaga ƙarfe yana ba da tsoro, amma sau da yawa aure da sana'a sukan kwantar da shi. Wanda ya fi cancantar damuwa shi ne ɗan shekara takwas da malami ya gaji da duka, uwa ta ce ya fi ƙarfinta, ya koma yawon tasha.

A Matameye, da ke kan hanyar Zinder zuwa Daura da Kano, irin wannan yaro ba kasafai yake farawa da giya ba, domin addini da kunya sun tsare ta. Yakan fara da sigari, sai sholisho ko wiwi, sai tramol da ake jefawa cikin butar shayi a fada, wato majalisar samari. Giya takan shigo daga baya, galibi a wurin ci-rani inda babu idon sani, kuma tana samun wuri ne saboda gaggawar zuciya da rashin jure ɓacin rai da suka kore shi daga aji suna nan ba a magance su ba. Idan ya dawo gida, sai ya sha a ɓoye bayan isha'i, ya tauna kanumfari don kashe wari, matarsa kuwa ta rufa asiri shekara da shekaru, har ranar da kuɗin cefane ya yanke ko ciwon hanta ya kai shi gadon asibiti.