Farun Janbako Da Inabin Ƙasar Jojiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ɗan ba ni fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani itace da na gani a Janbako, cikin ƙasar Maradun.

Farkon daminar bana aiki ya kai ni Talata Mafara. Da na gama, sai wani abokina, malamin makaranta, ya ce lalle in raka shi garinsu. Muka tashi da hantsi, don yanzu ba mai so magariba ta riske shi a hanya saboda 'yan bindiga. Ƙasar nan ta Mafara da Bakura da Maradun ita ce mai shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, kowa kuwa ka ji yana zancen noma, zancen shinkafa yake yi.

Muna sauka sai ga wata yarinya da ƙwarya cike da 'ya'yan faru, nono-nono, wasu ja, wasu sun nuna har sun yi baƙi. Na tsaya ina kallo, don sak suke da hoton inabin da ke bangon ajinmu sa'ad da nake makarantar mishan. Ashe ba ni kaɗai na ga kamar ba, Turawa ma inabin Afirka suke ce masa, ko da yake masana itatuwa sun ce ba dangin inabi ba ne, ɗan'uwan mangwaro ne da kashu. Ƙwallonsa babba, tsokarsa kaɗan, amma aka jiƙa mana shi aka dama aka tace, na sha ruwa mai zaƙi da ɗan tsami wanda har yau yana bakina.

Da la'asar mahaifin abokina ya kai mu gonarsa. Na ce, "Baba, wa ya shuka farun nan?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, wa ke shuka faru? Ai na Allah ne." Ya ce yana yaro ba su ƙirguwa a dajin nan, yanzu uku suka rage masa, masu gawayi da masu itacen wuta sun ci sauran. Ya nuna ɗaya, ya ce wannan namiji ne, bai taɓa haihuwa ba. Gaskiyarsa kuwa, faru akwai namiji akwai mace, in aka sare mazan duka, matan ma ba za su yi 'ya'yan kirki ba. Na duba ko'ina ban ga ƙarami ko ɗaya mai tasowa ba, awaki sun gama da su.

Jama'a, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata ƙasa, Jojiya, kudu da Rasha. Suna da inabinsu na gado mai suna Saperavi, watau mai rini, don har tsokarsa ja ce, ba fatar kaɗai ba. Shi suke nomawa a lardin Kakheti, su matse, su zuba cikin manyan randunan ƙasa da aka binne har wuya, ya zama jan ruwan inabi. An tono tsofaffin tukwane a ƙasar masu alamar wannan sana'a tun shekara wajen 8,000, a 2013 kuma UNESCO ta sa aikin randunan nan cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. To, inabi ma asalinsa ɗan daji ne, shi ma da namiji da mace. Kakanninsu ne suka riƙa zaɓen mai kyau, su yanki reshensa su dasa, su kafa masa abin hawa, su yi masa aski kowace shekara da sanyi, har ya zama abin da ya zama.

Kada malamai su zaci giya nake kira a yi. Na san a Burkina Faso akwai masu barin ruwan faru ya kwana har ya yi ƙarfi, amma a Zamfara shari'a ta hana tun 2000, ni ma ba shi ya kawo ni ba. Can ɗin dai suna shanya 'ya'yan su ajiye kamar zabibi, suna sayar da ruwansa, wannan kuwa ba laifi. Noman nake sha'awa. Mutanen Kudan da Hunkuyi, kusa da Zariya, sun ɗauki inabin baƙi sun iya shi. Mu ga namu a bakin gona, ga ruwan Bakolori, ba wanda ya taɓa cewa wannan mace ta fi waccan zaƙi, bari in dasa irinta.

An ce ƙwallon faru ba ya jimre ajiya, sai a shuka shi ɗanye. Na taho da cikin tafi, na shuka a bayan gidana, na kewaye da ƙaya. Ina roƙon malaman gona masu karanta jaridar nan, wanda ya taɓa dasa reshen faru ya kama, ya rubuto ya gaya mana watan da ya yanka da yadda ya yi, don in aika wa tsohon nan kafin damina ta wuce.

Wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Gusau.