Zanen Fentin Mai Ba Wasan Yara Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili cikin jaridar nan tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani aiki da nake yi in na taso daga ofis, watau zane da fentin mai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mutane da yawa a nan Kankiya da maƙwabciyarmu Kusada sukan tambaye ni amfanin wannan abu. Waɗansu su ce wasan yara ne, waɗansu su ce al'adar Turawa ce. Samari kuwa su ce ga waya a aljihu mai ɗaukar hoto cikin ƙiftawar ido, don me mutum zai ɓata kwana uku a kan sura guda? To, ina so in amsa musu gaba ɗaya.

Ni akawu ne, shekaruna talatin da 'yan kai. A makarantar mishan na fara riƙe fensir don zane. Malaminmu yakan aza tulu bisa tebur ya ce, "Ku zana abin da idonku ya gani, ku bar abin da zuciyarku ta riga ta sani." Bayan na kama aiki na sayo kwalin fenti a Kano, launi biyar kawai: fari, rawaya, ja, shuɗi da ruwan ƙasa. Da littafi guda da ɗan abin da na tsinta a intanet na shiga koya wa kaina, har yau kuwa koyo nake yi.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake, saboda wanda bai taɓa gani ba. Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da mai. Amma fa ba kowane mai ba. Man gyaɗa ba ya bushewa, sai dai ya yi ta danƙo. Wanda ake amfani da shi ana tatso shi daga irin wani tsiro, Turawa suna kiransa linsid. Shi wannan ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali har ya sandare, saboda haka sai ya kwana biyu ko uku, wani ma mako, kafin ya taɓu. Wannan jinkiri shi ne gatan akawu, zama abin da na shafa yau da la'asar, gobe in na taso aiki zan tarad da shi da taushi, in gyara abina. Ka'idarsa ita ce a fara da shafi tsinkakke mai ƙarancin mai, sa'an nan a bi da mai kauri a bisa. In aka juya, sai zanen ya tsattsage in ya daɗe. Akoko nake ɗamewa a kan katakon da kafinta ya haɗa mini, in shafe shi da gam da farin fenti tukun, domin mai yana cin zare in ya same shi tsirara. Buroshi kuwa da kananzir da sabulu nake wankewa. Da hunturu sai in jingina zanen fuskarsa ga bango, don kada ƙura ta manne masa.

Gaskiya ne a Turai wannan sana'a ta yi ƙarfi. Jan van Eyck, wanda ya rasu a 1441 a ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, yana cikin waɗanda suka fara gwanancewa da ita. A 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙago ɗan bututun ƙarfen nan da ake matso fenti daga ciki, daga nan masu zane suka sami damar fita daji da kayansu. Amma ta daɗe da zama 'yar gida a Nijeriya. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, akawun gwamnati ne a Ikko kamar ni, shi ya koya wa kansa zane shekara da shekaru kafin ya tafi Ingila karatu a 1920. Da ƙoƙarinsa aka kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927, wanda ya koyar da Ben Enwonwu. Wani zanen fentin mai na Enwonwu mai suna Tutu an sayar da shi a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1 da dubu 200. A nan arewa kuwa, a Zariya, cikin kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a 1958, da nufin a gama dabarar da aka koyo da gadon gida.

Mu kuwa Hausawa ai ba baƙin zane ba ne. Dubi maginin da ke fid da dagi a fuskar soro. Dubi alaramman da ke zayyana allon sauka, da mai ɗinkin aska takwas a wuyan riga, da mai zanen ƙwarya. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wa zai ce wasan yara ya yi? Idon ɗaya ne, kayan aiki ne suka sha bamban. Masu cewa abin bai kamaci babba ba kuwa, su sani Winston Churchill yana da shekara 40 ya fara, a 1915, ya kuwa bar zane fiye da 500.

To, amma duk wannan ba shi ne ainihin maganata ba. Abin da zane ya ba ni shi ne ya koya mini duba. Tambayi kowa launin bangon ƙasa, zai ce maka ja ne. Zauna gabansa da buroshi ka gani! Da hantsi yana da ruwan zuma, da tsakar rana ya koɗe ya yi fari-fari, da la'asar sakaliya ya zama kamar garwashi. Inuwar da ke ƙarƙashin indararo ba baƙa ba ce, akwai shuɗi a cikinta. Wannan ba a littafi yake zama a kai ba, sai mutum ya kwaɓa launi da hannunsa ya gwada da abin da ke gabansa. Haka kuma gawo. Kowane manomi ya san yana zubad da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Amma sai da na zana gona ɗaya a hanyar Rimaye sau biyu, cikin Agusta da cikin Janairu, na ga yadda gawo da kuka suke musayar riga, wannan ya tuɓe wancan ya sa. Ranar da hazo ya sauka kuwa, itacen da ke kusa yana da duhu, na bayansa ya dushe, na can nesa ya narke cikin sararin sama. Da haka mai zane ke nuna nisa a kan abu shimfiɗaɗɗe.

Ban raina hoton waya ba, ni ma ina ɗauka. Sai dai waya takan kwashe kome ba zaɓi, mai ita ya wuce bai duba ba. Mai zane kuwa tilas ya zauna, ya ƙirga zankwayen soro, ya lura da inda tsatson rumbu ya karkata, ya gaisa da masu wucewa. Wanda ya zauna yini uku gaban abu ba ya mance shi. Ni da nake wuni cikin lissafi da fayil, wannan zama shi ne hutuna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Garuruwanmu suna sake kama a gaban idonmu. Ginin tubali yana ba bulo wuri, soro yana ba kwano wuri. Ban ga laifin kowa ba, zama wanda ya san wahalar yaɓe kowace shekara ba zai ƙi kwano ba. Amma maginan da suka iya zanen bango suna tsufa, 'ya'yansu kuwa sun kama waɗansu sana'o'i. Akwai wani zaure a ƙasar Kusada mai zankwaye huɗu da dagi bisa ƙofa, na zana shi da yardar maigidan. Damina biyu bayan haka aka rushe shi aka yi na siminti. Da dattijon ya zo Kankiya ya ga zanen, ya daɗe shiru, sa'an nan ya nuna wa jikansa dakalin da mahaifinsa yake zama. Tun daga ranar na ɗaura niyya, duk tsohon zaure da rumbu da rijiya da zan iya kai wa, daga Kafin Soli har Mawashi, in zana su tun suna tsaye.

Na san akwai magana a wurin malamai game da surar abu mai rai. Wannan fage nasu ne. Ni dai na tsaya ga gidaje da itatuwa da gonaki da sararin sama, waɗannan ma kuwa sun ishi mutum aiki iyakar ransa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Malaman makaranta, ku ba yara ko da sa'a guda a mako su zana abin da ke gabansu, tulu ko faifai ko itacen bakin makaranta, maimakon kwafo na cikin littafi. Iyaye, in kun ga yaro yana zane da gawayi a bango, ku tsawata masa a kan bangon, amma ku ba shi takarda. 'Yan'uwana ma'aikata kuwa, wanda yake da sha'awa kada tsada ta tsorata shi, ya fara da fensir, in hannu ya faɗa ya nemi launi biyar. Da rarrafe yaro kan tashi. In akwai masu irin wannan aiki a Katsina ko Daura ko Funtuwa, ina so su rubuto ta wannan fili mu san juna, mu ƙaru da juna.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kankiya.