Nasihar Wanda Ya Ƙetare Bahar Maliya

A Kakuri, kusa da masaƙar KTL da aka rufe a shekarar 2002, akwai wani dattijo da ya je Hajji ta ƙasa tun yana saurayi. Ya bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ratsa Sudan, sannan ya hau jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda.

Nasiha uku yake yi wa mai tambayarsa labarin teku. Ta farko, a cika salka tun ana tudu, domin ruwan teku gishiri ne, na jirgi kuwa da awo ake raba shi. Ta biyu, a sayi tikiti a hannun hukuma, a guji dillalan da ke ƙetarar da mutane a ɓoye cikin dare, don sukan sauke alhazai nesa da Jidda. Ta uku, a zauna tsakiyar jirgi inda tangaɗi ya fi sauƙi, a ci kaɗan, a yi haƙuri da maƙwabci.

Maniyyatan unguwar yanzu jirgin sama suke hawa. Tsaran dattijon suna ta ƙarewa, kuma har yau babu wanda ya zo da na'ura ya naɗi muryarsa.