Asuba a Bakin Ruwan Yelwa

Mu mutanen Jega mun san ruwa, tunda gulbi na gefen garinmu, amma sai da na je Yelwan Yawuri na ga yadda ruwa ke ciyar da gari guda. Motar albasa na biyo daga Aliero, muka wuce Maiyama da Koko, muka isa da daddare.

Ana idar da sallar asuba mai masaukina ya ce, "Malam, taso mu je, in rana ta fito an gama abin kallo."

Da gaskiyarsa. Ko gari bai gama wayewa ba kwale-kwale suka fara shigowa daga kogin Kwara, wasu da inji, wasu da filafili. Tun kafin jirgi ya taɓa gaɓa masu sari sun shige ruwa har gwiwa, kowa da daronsa. Ga tarwaɗa tana ta motsi, ga karfasa da ƙurungu, ga wani giwan ruwa da sai da samari biyu suka ciccibo shi. Ciniki ake da ƙarfi, amma ban ji zagi ko ɗaya ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne da na samu zaune a gindin jirginsa yana gyaran birgi. Ya maƙale ragar da babban yatsan ƙafarsa, hannunsa na ƙulli, idonsa na kan ruwa. Na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, hannun bai tsaya ba. Jikansa na gefe yana kwashe ruwan jirgi da ƙoƙo.

Masuntan nan sun ga jarrabawa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibiran da Gungawa suka gada, aka mayar da dubban jama'a sababbin matsugunai. Duk da haka su da Sarkawa ba su saki sana'ar ba, sai ma suka koyi halin sabon tafkin.

Da hantsi hayaƙin banda ya rufe unguwa, an shanya kifin warangi yana ƙyalli a rana, 'yan dako na loda kwandunan busasshen kifi a mota. Ni ma na ƙulla nawa na tsaraba.

Ɗan'uwa, in hanya ta kai ka Yawuri, ka kwana, ka yi sammako zuwa bakin ruwa.