Giginyar da muke tonowa tun tana muruci

Duk faɗin Nijar babu inda ruwan sama ke sauka kamar nan Gaya, amma ku hau tudu ku dubi gonakin gero. Ɗorawa da kaɗanyar da suka rage duk tsofaffi ne, babu ƴaƴansu a ƙarƙashi. Iyayenmu na ba da labarin gada da zabon daji a bakin gona. Yanzu sai an nufi dajin Goru Basunga, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, can ɗin ma sai an yi sa'a. Dabba ba ta zama inda babu inuwa da maɓoya.

Mu dai giginya ce ta fi damunmu, don ita ke biyan zubin da yawa daga cikinmu. Muna binne ƙwallonta, bayan ƴan watanni mu tono muruci, mu dafa, a kai Malanbil ko Kamba a dawo da kuɗi. To amma kowane muruci giginya ce da ba za ta tashi ba. Ga masu sara don azara, tunda gara ba ta cinta. Manya na faɗuwa, ƙanana na shiga tukunya, wa zai gaji Dallol Mauri? Kuma giginya gida ce: tsattsewa na sheƙa a ganyenta, jemagu na kwana a cikinta. Jemagen nan da yara ke jifa, shi da ƙudan zuma ne ke zagaya furen ɗorawa har ta yi ƴaƴa. In babu su, ina kalwa, ina daddawa?

A ƙungiyarmu mun yanke cewa duk wadda ta binne goma, ta kai ɗaya bakin gonar tudu ta bar shi ya zama itace. Ba kowa ya yarda ba. Wata ta ce, "Ni bashin asusu ke kaina, ku ce in bar kuɗi a ƙasa?" Gaskiyarta, giginya sai ta shekara da shekaru kafin ta haihu, in ma ta mace ce. Maza kuma nasu tsoron biyu ne: itace na tara jan-baki ya cinye gero, sannan mace in ta dasa itace a gona kamar ta ce gonar tata ce. Wannan na biyun shi ne mai wuya, wallahi. Sai da muka je gaban mai gari aka faɗa a fili: gona ta mai gona, ƴaƴan itace na wadda ta raine shi.

Dashen ranar 3 ga Agusta muna yinsa kowace shekara, sai dai awaki na gamawa da shi kafin bazara. Shi ya sa muka fi son dabarar mutanen Maraɗi, can inda Mata Masu Dubara ta fara a 1991: in ana sassabe, kada a ƙone kututturen kalgo da sabara, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran. Saiwa na nan da ranta, ba ta neman ban-ruwa.

Kuɗin tarar masu makara a zama, da shi za mu biya samari su kewaye kowace ƙaramar giginya da ƙaya kafin a saki dabbobi bayan kaka.