Iya Ruwa Fid da Kai

Hausawa na cewa iya ruwa fid da kai, wato ba shiga ruwa ke nuna gwani ba, fitowa lafiya ita ce shaida. Wannan karin magana ya shafe mu ƙwarai, mu mutanen Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, muka sami maƙwabcin da kakanninmu ba su san shi ba. An tare Kogin Kano bayan ya ratso dajin Falgore, ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 180. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura, daga cikinsa muke cin kifi, shi ne kuma yakan raba iyaye da 'ya'yansu.

A bakin wannan ruwa na tashi, kuma a wurin masunta na koyi iyo da nutso. Karatunsu ba shi da allo. Yaro yakan rungumi gora ya bi manya, yana kallo yana kwaikwayo, har ya iya cika ƙirjinsa da iska, ya riƙe numfashi, ya nutsa ya kwance komar da ta sarƙe a jikin kututture. Idan ruwa ya ci wani, su ake kira, su shiga da gajeren wando kawai, su yi ta lalube cikin duhu har Allah Ya ba su sa'a.

Da karatu ya kai ni ƙasar Masar, sai na je garin Dahab a gaɓar Bahar Maliya, na shiga kwas ɗin masu fara nutso da tukunyar iska. Asalin wannan na'ura ta zamani daga Faransa ne, inda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera ta a 1943. Takardar da na nema ta ƙungiyar PADI ce, wadda aka kafa a Amurka a 1966. Sharaɗin farko bai ba ɗan Tiga wahala ba: iyo na mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa na minti 10. Bayan wannan sai karatun littafi da jarrabawa, sai darasi biyar a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a cikin teku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne doka ta farko, domin ta ci karo da abin da na gada. Masunci yana rayuwa ne da riƙe numfashi, amma mai tukunyar iska riƙe numfashi na iya halaka shi. Dalili kuwa shi ne, a zurfin mita 10 matsin da ke kan jikin mutum yakan ninka na bisa tudu sau biyu. Masunci a sama ya ɗebi iskarsa; in ya nutsa ta takure, in ya taso ta koma yadda take. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake shaƙar iska matsattsiya. In ya riƙe ta ya taso daga mita 10, za ta kumbura ninki biyu, huhu kuma ba salka ba ne da zai ɗauki haka. Ga kuma iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a zurfi. Wanda ya yi gaggawar tasowa sai ta yi kumfa a jikinsa, kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza. Saboda haka ake tasowa sannu a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5.

Malaminmu bai raina abin da na zo da shi ba. Ya lura ba na tsoron ruwa, sai ya gina a kan wannan, ya kuma ware lokaci na musamman don sauya al'adar numfashina. Tsarinsa ɗaya ne a kowane darasi: ya yi bayani a tudu, ya nuna a cikin ruwa a hankali, sannan ɗalibi ya yi a gabansa. Haka muka koyi fitar da ruwa daga tabarau, da nemo bututun numfashi in ya kuɓuce daga baki, da raba iska da abokin nutso, da magana da alamun hannu. Ba ya sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba, kuma dace sau ɗaya ba ya gamsar da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Da aka ba ni takardar, sai na ga rabinta iyaka ce. Ta yarje mini mita 18, tare da aboki, a ruwa irin wanda na koya a ciki. Tiga kuwa ba Dahab ba ce. Ruwanmu gurɓatacce ne da laka, ƙarƙashinsa akwai itatuwa da tsofaffin komaye, kuma ya ɗara mita 300 bisa teku, tsayin da ke tilasta a sake lissafin nutso. Aikin ceto ma yana da nasa horon daban. Ashe takardata ba ta ɗora ni bisa masuntan da suka rene ni ba. Sun san ruwan ba su da kayan aiki, ni na san kayan aikin ban san ƙarƙashin ruwan kamar su ba. Duk wanda ya tuna kifewar kwalekwale a madatsar Watari ta Bagwai a watan Nuwamba na 2021, inda aka rasa rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya san jihar da ke da madatsu irin namu tana bukatar a haɗa waɗannan ilmummuka biyu a jikin mutum guda, a horar da 'ya'yan masunta, a ba su kaya.

Kai kuma da ke shirin karɓar takardar NCE, aikinka bai yi nisa da na wancan malami ba. Yaron da zai zauna gabanka ba tulu ne wofi ba. Ya zo da ilmin gida, wani za ka gina a kai, wani kuma sai ka sauya shi da hujja, ba da raini ba. Sa hannunka a kan sakamakonsa shaida ce, za a kuma tambaye ka a kanta. In aiki ya kai ka makarantar da ke gaɓar Tiga, ka nemi sarkin ruwan garin, ku zauna ku tsara yadda yaran ajinka za su koyi iyo kafin damina ta cika tafki.