Kwanon Baƙo



A Madabo muka tashi, cikin birnin Kano, a wani gidan ƙasa da ke ƙarshen lungu. Duk wanda ya san tarihin Kano ya san unguwar malamai ce. Ana danganta asalin karatunta da Wangarawa, jama'ar Shehu Abdurrahman Zaite da suka zo daga ƙasar Mali, kuma ta yi suna wajen karatun Mukhtasar na Shehu Halilu. Har yau akwai Babban Malami na Madabo. Ɗalibai sun daɗe suna zuwa daga nesa, kuma ɗalibi sai ya ci zai iya karatu. Littattafai sun riƙe sunayen malaman. Matan da suka ciyar da ɗaliban kuwa, ba mu taɓa cin karo da sunan ko ɗaya ba. Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana cikinsu.

Sana'arta koko da ƙosai. Tun kafin kiran assalatu za ka ji tana hura wuta, ta dama gasara, ta ɗora kasko. Da daddare kuma ita ke rabon tuwon gida. Idan mu goma ne, malmala sha ɗaya za ta kwashe. Ta sha ɗayan a wata tsohuwar langa take sa ta, ta zuba miyar kuka, ta rufe da faifai, ta ce a kai soro. Wannan shi ne kwanon baƙo. Ba ta tambayar wanda ya ci. Da safe dai a dawo mata da langar a wanke.

Muna yara abin yana ba mu haushi, musamman ranar da tuwon bai ishe mu ba. Wata rana babban yayanmu ya ce, "Iya, mu da muke jikokinki ba mu ƙoshi ba, kina ba wanda ba ki sani ba."

Ta ce, "Kai maigida marar cefane, kai ka san inda za ka kwana. Shi fa?"

Haka take kiran mazanmu, maigida. Matanmu kuma kishiya.

Iya ba ta yi boko ba, lissafinta ma da fam da sule take yinsa, duk da cewa tun 1973 aka koma naira da kwabo. Masu karɓar koko bashi, da gawayi take zana musu layi a bangon ɗakin girki, kowa da gurbinsa. Kowace shekara kafin damina, idan magini ya zo yaɓe, sai ta ce ya fara da wannan bangon. Mahaifinmu ya yi ta faɗa, yana cewa jarinta ne take binnewa. Amsarta ɗaya ce: "Mai shi bai manta ba, rashi ne ya hana shi. In na bar zanen, kunya za ta hana 'ya'yansa zuwa karɓar koko."

Da muka girma sai muka watse. Wani ya yi gida a Rijiyar Zaki, wata aka kai ta Hotoro, wani aiki ya kai shi Abuja. An yi an yi da Iya ta bar cikin gari, ta ƙi. Da farko duk Juma'a muna wajenta. Daga baya ya koma wata-wata, daga nan sai sallah-sallah. Kuɗi dai muna aikawa, muna ganin mun sauke nauyi.

A watan Afrilu na 2020 aka sa dokar kulle a Kano saboda korona, ga azumi ya kama, ga dattawan gari suna ta rasuwa. Ɗayanmu ya kira ta a wayar maƙwabta. Ta ce, "Maigida, ba cefane, ba leƙe?"

Ya ce, "Iya, ai an hana fita."

Ta ce, "Kafin a hana fa?" Sai ta yi dariya, ta shiga sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwana shida ta cika. Mutane kaɗan ne suka raka ta maƙabartar Ƙofar Mazugal, yawancinmu ba mu samu jana'izar ba. An yi cigiya kamar yadda aka saba, duk mai bin ta bashi ya zo. Ba wanda ya zo.

Da aka sassauta dokar sai ga wasu irin baƙi. Wata dattijuwa ta kawo kuɗi ɗaure a bakin zani, ta ce na kokon shekara biyu ne, lokacin da mijinta yake kwance. Wani mai furfura, limami a wani ƙauye, ya zauna a soro ya kasa magana. Da ƙyar ya ce shekara huɗu yana cin kwanon baƙo yana ɗalibi, bai taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai ya sani. Mahaifinmu ya ce da su duka ta riga ta yafe, bangon ma an shafe. Suka ƙi karɓar kuɗinsu. Da shi aka sayi buhun dawa, kuma har yau matar ƙanin mahaifinmu tana kai langar nan soro.

Abin da ke cin ranmu shi ne, mu uku a gidanmu muna kiran kanmu marubuta. Mun cika takardu da labarin attajiran da muka ƙirƙira, amma ba mu taɓa zama gabanta da biro mun ce, "Iya, wa ya koya miki wannan?" ba. Ba mu tambaye ta yadda ta yi da kwanon a shekarun fari ba. Ɗan abin da kuka karanta ɗin nan, daga bakin mutane muka tsinto shi bayan ba ta.

In kuna da tsohuwa a gida, ku je wajenta a makon nan. Ku tafi da goro, ku zauna a tabarma, ku bar ta ta yi magana.

Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta, ya yafe mana sakacinmu. Allah ya jiƙan naku da suka riga mu gidan gaskiya.